Ranar da Aka Cire wa Turke Waya

Duk wanda ya taɓa zuwa kallon ƙungiyar makaɗan nan cikin shekara talatin da ɗaya da suka wuce ya ji kiɗan Turke, amma in ka ce ya kwatanta maka fuskarsa, sai ya yi ta sosa ƙeya. Can baya yake tsayawa a dandamali, kusa da Dogo mai ganga, jikin wani tsohon akwatin sifika baƙi da ya kai masa ƙugu. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, da sanƙon da yake ɓoyewa cikin hula hana-sallah. Jitarsa bes ce, babbar nan mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda ba ka cika lura da muryarta ba, sai dai ka ga ƙugunka yana motsi ba da izininka ba. Inda ya sa ƙafa a farkon wasa, nan za ka same shi a ƙarshe. Shi ya sa abokan aiki suka laƙaba masa Turke, sunan ya bi shi har gida, matarsa ma in ya ba ta haushi da shi take kiransa.

Ba da kiɗa ya fara ba. Gyaran kayan lantarki ya koya, fanka, dutsen guga, rediyo, kuma har yau yana da ɗan shagonsa a gaban gidansu, mai ƙofar ƙarfe da ba ta buɗuwa sai an sa mata ƙafa. Wata rana, yana saurayi, aka kawo masa sifikar ƙungiyar ta ƙone. Ya gyara, ya ce a miƙo masa jitar ya ji ko aikin ya yi. Ya ja tsirkiya mafi kauri sau ɗaya tak. Kwalaben da ke kan kanta suka ɗauki rawa, ƙusoshi suka shiga zagaye cikin gwangwani, abin ya ratsa shi tun daga tafin ƙafa har tsakiyar kai. Shi ke nan, an gama da shi. Mai ƙungiyar na lokacin, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai ido. Ya dube shi ya ce, "Kai, in ka rufe shago ka riƙa biyowa ta wajenmu." Ya yi ta biyowa, yana koyo a tsaye, har mai bes ɗinsu ya sami aiki a wani gari ya tafi. Ranar da aka rataya masa jitar bai iya cin abinci ba don murna.

Matarsa tela ce, kuma bakinta ya fi allurar kekenta saurin tafiya. A bangon falonsu akwai hotunan ƙungiyar goma sha ɗaya, kuma duk baƙon da ya shigo sai ta zagaya da shi. "Ga maigidan nan," za ta ce, tana nuna wata gwiwar hannu a bayan mawaƙi. "Nan kuma ga bakin hularsa. Wannan ne ya fi kyau, har kunnensa ɗaya ya fito. Ni dai gwiwar hannu na aura, na haifa mata 'ya'ya huɗu." Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce mai bes gishirin miya ne, ba a neman ganinsa, sai ran da babu shi ake tambaya. Da gaske yake faɗa, ba don ya rufe bakinta ba. Yana son wurinsa na baya. Yana son ya ga mutum ɗari uku suna taka rawa a kan abin da yatsunsa biyu suke shimfiɗawa, ba tare da ko ɗayansu ya san wa zai gode wa ba.

To, ga abin da ba ya cikin hotunan. Shekara bakwai ke nan kunnuwan Turke suna janye jiki. A hankali suka fara, kamar mai barin taro ba sallama. Kukan tsuntsayen safe ne ya fara ɓacewa, sai ƙarar butar shayi in ta tafasa, sai muryar jikarsa, wadda yake ganin bakinta yana motsi kamar na ɗan kifi. Na dama ya tafi kusan gaba ɗaya. Na hagu ya rage ɗan abin da ba a rasa ba, in an matso kusa an yi magana a fili. Ga wanda ya shekara ashirin da wani abu kansa yana tsakanin faifan ƙarfen mai ganga da bakin sifika, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma Turke bai gaya wa kowa ba, ko matar da suke kwana ɗaki ɗaya. Ita ta ɗauka tsufa ne ya ƙara masa miskilanci.

An ce gani ya kori ji. Shi kam ji ne ya tafi don kansa, gani ya zo ya riƙe masa wuri. Ya koyi karanta leɓe. Ya koyi zama inda haske yake faɗa wa fuskar mai magana. A dandamali kuwa ya samo dabara biyu. Ta farko, ya manna sharaɓarsa a jikin akwatin sifikarsa, duk abin da ya kaɗa sai ya hau masa ta ƙafa, ya san ya yi daidai ko ya kauce. Ta biyu, ya kafa ido a gwiwar Dogo ta dama, wadda take taka babbar ganga. Gwiwar nan ita ce agogonsa. In za a sauya waƙa, Dogo yakan ɗaga kafaɗa ya ja numfashi, Turke ya gani ya shirya. Domin kada wani ya ce masa ya matsa gaba, sai ya ɗauki wayar da ke haɗa jitarsa da sifika, wadda da can taku shida ce, ya yanke ta ta koma taku biyu, ya liƙe bakinta da dalma. Duk wanda ya ce, "Turke, ɗan motsa mana," sai ya ɗaga wayar ya nuna masa.

Kada ka ce wauta ce. Tsoro ne, kuma tsoron yana da dalili. Akwai wani tsohon mai busa ƙaho a ƙungiyar da haƙoransa na gaba suka zube, busa ta gagare shi. Ba a kore shi ba, ai mutanen kirki ne. Kujerar roba aka ba shi a gefen dandamali, aka ce shi ne mai ba da shawara. Shawarar da ake nema wajensa ba ta wuce, "Baba, sa mana ido a kan jakunkuna." Shekara uku yana zaune yana gadin takalma da cajar waya, yatsunsa suna motsi a kan cinyarsa in an zo wurin da yake busawa a da, har ya daina zuwa. Turke yakan tuna mutumin nan ya hango kansa a kan kujerar. Shagon gyara yana ciyar da shi, gaskiya ne, amma jitar nan ce take sa ya san shi wani ne. In aka san ba ya ji, wa zai bar kurma ya riƙe wa ƙungiya gindin kiɗa? Ga samari masu zafin yatsa suna jira, ga mai fiyano da zai iya cike gurbin da hannun hagu.

Ana haka har mai ƙungiyar ya cika, ɗansa ya karɓi ƙungiyar, aka koma kiransa Magaji. Turke ya goya shi a wuya yana ƙarami, shi ya koya masa ɗaura tsirkiya, shi ya sa Magaji ba ya kiransa sai Kawu. Mutum ne mai shekara talatin da 'yan kai, mai murya, mai kirki, amma ba ya iya tsayawa wuri ɗaya ko da na minti guda. Ya ga yadda ƙungiyoyin yanzu suke jeruwa a gaba suna taka rawa tare, ya ƙudura sai nasu sun yi.

Wata Laraba da la'asar, a ɗakin da suke gwaji, wani tsohon sito mai daɓen katako da katifu a jikin bango don kada maƙwabta su kawo ƙara, Magaji ya shigo da kwali a hammata yana washe baki. Ya ajiye a gaban Turke.

"Kawu, yau na 'yanta ka."

A ciki akwai abubuwa biyu. Ɗaya ɗan ƙaramin akwati ne da bai fi tafin hannu ba, a maƙala shi a maɗaurin jita, a soka masa 'yar guntuwar waya. Ɗayan a ɗora shi kan sifika, yana da 'yan ƙahoni biyu. Abin da ka kaɗa, na jikinka ya aika, na kan sifika ya karɓa ta iska. Babu waya tsakani. Kana iya tafiya har bakin ƙofa, har waje, kiɗanka yana fita.

Turke ya juya abin a hannunsa. "Irin waɗannan ai suna rage wa bes nauyi," ya ce. "Sai ka ji sautin ya rame."

"Na da ke nan, Kawu. Wannan an yi shi ne musamman domin bes."

"Batir fa? Ya mutu ana tsakiyar wasa?"

"Awa takwas yake yi. Ga na canji ma."

"Na taɓa jin wani ya sa irinsa, sai ga maganar masu tasi tana fitowa ta sifikarsa."

Dogo ya kwashe da dariya daga bayan gangunansa, ya nuna shi da sanda. "Ku ƙyale shi! Sabo turken wawa. Mutumin nan ko a gida in matarsa ta ce ya matsa ta share, sai ya ce wayarsa ba ta kai ba."

Kowa ya yi dariya, Turke ma ya taya su, don ya ga bakuna sun buɗe. Magaji ya durƙusa ya maƙala masa abin da hannunsa, ya zare tsohuwar wayar ya naɗe ta. Sannan ya ɗago, fuskarsa a saitin haske, ya faɗi maganar da Turke ya karanta tsaf: "Babana ya rasu yana cewa bai taɓa biyan ka haƙƙinka ba, ya bar ka a baya kamar kayan gyara. Asabar akwai babban wasa a filin ƙwallo. So nake mutane su ga fuskarka, Kawu. Sau ɗaya dai."

Me za ka ce da wannan? Da mugunta ce da ya san yadda zai yi da ita. Gwajin ranar ya tafi lafiya, don ɗakin ƙarami ne, daɓen katakon yana kawo masa kiɗan ta ƙafa duk inda ya tsaya, kuma ko ya juya yana iya satar kallon gwiwar Dogo. Suka jeru, taku biyu hagu, taku biyu dama, Magaji yana tafi yana cewa ashe Kawu ya iya rawa yake ɓoyewa.

Washegari da hantsi ya gwada abin a shago. Ya kunna 'yar sifikar gwajinsa, ya rataya jita, ya fita yana kaɗawa. Ya wuce mai faci, ya wuce mai sayar da katin waya, ya kai har gindin falwaya. Matarsa ta fito ƙofar gida da tef ɗin awo a wuya tana riƙe da ciki don dariya, ga mutum a tsakiyar layi yana kaɗa jita shiru, kiɗa kuma yana fita daga shagon da babu kowa. Ta ɗaga masa babban yatsa, ta yi wata magana da bai kama ba. Shi kuwa a gindin falwayar nan, yatsunsa suna tafiya, jitar tana ɗan kaɗawa a jikin cikinsa, amma ban da wannan babu komai. Kamar mai rubutu da alƙalamin da ba tawada. Ya dawo yana murmushi, ta ce Asabar da ita za a je, a gaba za ta tsaya, ga ranar da za ta sami hoton miji cikakke.

Da ta koma ciki ya ja ƙofar shago. Ya kwance ɗan akwatin, ya ɗora shi ƙarƙashin fitila, ya jona ƙarfen dalma. Ya san inda zai taɓa. Ɗigo ɗaya a wurin da bai dace ba, abin ya mutu, babu mai ganewa, a ce kayan zamani ne ba su da ƙarko. Ƙarfen ya yi zafi, ya ɗauka, ya kai hannu. Ya daɗe yana kallon aikin da ke ciki, layuka sirara tsaf-tsaf, wani ma'aikaci a wata ƙasa ya zauna ya yi abinsa da kyau. Shekara arba'in yana tayar da matattun kaya, bai taɓa kashe mai rai ba. Ga kuma fuskar Magaji a durƙushe. Ya ja tsaki, ya zare ƙarfen daga wuta, ya mayar da murfin ya ɗaure. Ya ce a ransa ai waƙoƙin nan ko a mafarki ya san su, zai ƙirga a kai, Allah ya rufa asiri.

Asabar, ƙarfe huɗu, rana tana nan da sauran zafinta. Wani kamfani ne ya tara ma'aikatansa da iyalansu, filin ya cika har bakin raga. Dandamalin na haya ne, faɗinsa ya kai ɗaki huɗu, an shimfiɗa masa kafet mai kauri, a kowane gefe kuma an jibge manyan sifikoki, ɗaya kan ɗaya, sun fi mutum tsawo. Waƙa ta farko da ta biyu Turke ya yi su a wurinsa, ƙafa a jikin akwati, ido a gwiwar Dogo. A ta uku Magaji ya juyo ya yafito shi da hannu biyu.

Ya ɗaga ƙafa. Taku ɗaya, akwatin ya sake shi. Taku biyar, kafet ya shanye komai. Ya isa gaba ya shiga layi tsakanin mai ƙaramar jita da masu busa, ya ba Dogo baya.

Wallahi minti na farko ya yi daɗi, kada a rage masa wannan. Bai taɓa ganin jama'a haka ba. Shekara talatin da ɗaya ƙeyar mawaƙi yake kallo. Yau ga fuskoki, ga wata tsohuwa tana juyi da jikanta a hannu, ga wasu ƙarti sun dafa kafaɗar juna suna tsalle, ga matarsa a gaba ta ɗaga waya sama tana ihu. Abin da ke zuwa kunnensa na hagu wani gurnani ne kawai marar kai da gindi, amma yana ƙirgawa a zuci, yatsunsa sun san hanya. Taku biyu hagu, taku biyu dama. Ya ji kansa yana dariya da haƙora a waje.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Magaji yana da wata ɗabi'a, in ya ga taro ya yi zafi sai ya yanke waƙa a tsakiya, ya kira sunan wata a makirfo, ƙungiya ta faɗa mata nan take. Ya kira. Kowa ya ji, kowa ya juya, ganga ta ƙara sauri, masu busa suka hau wani wuri daban. Turke yana nan kan tsohuwar waƙa, yana shimfiɗa ta da ƙarfinsa, ta cikin sifikokin da ake ji har bakin titi, yana murmushi.

A fuskokin mutane ya fara gani. Tsohuwar nan ta tsaya ta karkata kai. Ƙartin suka saki kafaɗar juna. Ƙafafu suka rikice, wasu na bin ganga, wasu na bin sa. Matarsa ta sauke wayar a hankali. Ya waiga ya dubi hannun mai ƙaramar jita, ya ga yatsun ba su inda ya kamata su kasance, ya ga idanun mutumin sun fito waje suna masa magana. Nan ya gane. Bai san tun yaushe ba, bai san wace waƙa ake yi ba. Ya ɗauke hannu daga tsirkiya. Kuma duk wanda ya san kiɗa ya san babu ramin da ya kai na bes in ta yi shiru, sai ka ji waƙar ta zama kwano ba gindi.

Kunya ta rufe shi. Ya fara ja da baya yana neman akwatinsa, amma idonsa ya cika da ruwa, ya karkace ya yi gefe. Magaji yana waƙa yana waigensa. Turke ya ci gaba da ja, ja, har bayansa ya bugi wani abu mai tauri.

Manyan sifikokin gefen dandamali ne, waɗanda wayarsa ba ta taɓa kai shi kusa da su ba.

Kai! Abin ya shige shi ta ƙashin baya kamar an buɗe famfo. Babbar gangar Dogo tana dukansa a tsakiyar kafaɗu, ba a gwiwa yake ganinta ba, a jikinsa take. Biyu a jere, a huta, ɗaya mai nauyi. Biyu a jere, a huta, ɗaya mai nauyi. Ai ya san wannan tafiyar! Waƙar marigayi ce, Turke da kansa ya ɗora mata bes shekarar da aka haifi babbar 'yarsa. Ya manna bayansa sosai, ya bar zagaye ɗaya ya wuce, ya ja numfashi, ya shiga.

Sautin farko da ya ja ya dawo masa ta haƙarƙari, cikakke, mai kauri, har haƙoransa suka amsa. Rabon da ya ji kansa haka tun kafin a haifi jikarsa. Ya ga taron ya ɗaga kamar an zuba ruwa a tafasasshen mai, hannuwa sama, ƙafafu sun koma tafiya ɗaya. Bai koma layi ba, bai koma bayan dandamali ba. Nan ya tsaya, a gefe, a gaban kowa, bayansa a jikin sifika, ya yi sauran waƙa shida. In za a sauya, sai ya ji gangar ta sauya a ƙashinsa kafin kowa ya ɗaga kafaɗa. Hawaye yana bin kumatunsa yana shiga wuyan riga, bai share ba, don hannu biyun duk suna aiki. Mutane suka ɗauka salo ne.

Aka tashi rana tana shirin faɗuwa. Ana naɗe wayoyi, ana loda kaya a bas. Dogo ya wuce shi ɗauke da ganga, ya buɗe baki zai yi tsiyar da ya saba, ya dubi fuskarsa, ya rufe. Matarsa tana tsaye can bakin raga, jaka a hannu, ba ta matso ba. Magaji ya zo ya taɓa masa hannu, ya nuna bayan motar.

"Kawu, me ya faru? Sau uku ina kiran sunan waƙar. Na'urar ce ta yanke?"

Ga ƙofa a buɗe, Magaji da kansa ya buɗe masa. Ka ce na'ura ce, a wuce wurin, a dawo maka da wayarka. Turke ya dubi ɗan akwatin da ke maƙale a maɗaurin jitarsa, 'yar koriyar fitilarsa tana nan a kunne. Ya gaji. Gajiyar shekara bakwai ta sauko masa lokaci ɗaya.

"Na'ura lafiyarta ƙalau," ya ce. "Ni ne ba na ji, Magaji. Na dama ya mutu, na hagu saura kaɗan. Shekara bakwai. Da ƙafa nake bin kiɗa, da gwiwar Dogo. Wayar ma ni na yanke ta. Na ci amanar babanka, na ci taka, na kuma kunyata ku yau. Abin da ka yanke, na karɓa."

Magaji ya juya, ya dafa jikin motar da hannu biyu, ya sunkuyar da kai, ya fara magana. Turke yana ganin gefen muƙamuƙinsa yana motsi, yana ganin kafaɗarsa tana hawa tana sauka. Abin da ke iso shi bai wuce gunaguni ba, kamar ana hira a ɗakin maƙwabta. Ana yanke masa hukunci taku ɗaya daga inda yake tsaye, bai san ko kora ba ce ko afuwa. Maganar ta yi tsawo, ta tsaya, ta ɗan ci gaba, ta ƙare. Magaji yana jiran amsa, bai juyo ba.

Turke ya miƙa hannu ya dafa kafaɗarsa.

"Ɗana, juyo ka dube ni. Ban ji ko ɗaya ba. Sake faɗa."

Magaji ya juyo. Idanunsa sun yi ja. Ya matso ta hagu, ya buɗe baki sosai, yana ajiye kalma ɗaya bayan ɗaya.

"Cewa na yi ka ba ni haushi, Kawu, da ka ɗauka zan iya ajiye ka. Waƙa shidan nan ban taɓa jin ka kaɗa kamarsu ba. Daga yau wurinka jikin babbar sifika, duk inda muka je. Litinin kuma zan kai ka a duba kunnen, ko kana so ko ba ka so."

Turke ya gyaɗa kai.

"Sannan na tambaye ka wani abu." Magaji ya waiga ya ga babu kowa kusa. "Naka yaya ya fara? Da ƙara ya fara? Wata 'yar siririyar ƙara, kamar kukan gyare, in an tashi daga wasa, ka kwanta da ita ka tashi da ita?"

Turke ya dube shi.

"Wane kunnen?"

"Na dama."

"Tun yaushe?"

"Wata takwas. Ko matata ban gaya wa ba."

Turke ya cire jitar daga wuyansa, ya jingine ta a jikin taya a hankali. Ya zauna a kan matakin motar, ya matsa gefe, ya buga wurin da tafin hannu.

"Zauna nan, ta hagu," ya ce. "Litinin ɗin nan kai za a fara dubawa."